Batirin da Ke Ƙirjina

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Likita ya ɗora wani abu a ƙirjina, ya dubi allonsa, ya ce batirin na'urar da ke daidaita mini bugun zuciya ya kusa ƙarewa. Sai an sake tsaga wurin. Ni da na tsufa ina gyaran batirin manyan motoci a bakin tashar jirgin ruwa, yau ga nawa ya yi sanyi. Na yi masa dariya. Na hau zemijan, babur ɗin haya, na koma gida.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na san batir. Na mota, darma ce da ruwan acid, in ya ja baya ka ƙara ruwa ka sa caji. Na tocila busasshe ne, ya mutu ya mutu. Na waya ana cika shi kullum. Nawa fa? Na tambayi 'yata Zuhura, ta ce: "Baba, naka a rufe yake ruf, ba ya caji. Cire na'urar ake yi a sa sabuwa." Ta faɗa kamar canjin taya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Batirin wayar maƙwabcina Ayouba ya kumbura har ya ɗaga murfi. Ya nuna mini a ƙofar masallaci, yana ta dariya. Duk sallar hannuna na kan ƙirji. Allah ya yafe.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Da can in batirin rediyo ya mutu, kan kwanon rufin ɗaki muke jera shi ya sha rana, ya ƙara mana kwana biyu na labarai. To. Da hantsi na tuɓe riga, na zauna tsakar gida, na ba rana ƙirji. Ba wanda na gaya wa dalili.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Yau ma na sha rana, har jiri ya kwashe ni, na faɗi gefen randa. Da na buɗe ido na ɗauka shi ke nan, ya ƙare. Na yi shahada da ƙarfi, sai na ji muryar Ayouba: "Alhaji, kai kifi ne da ake shanya ka?"

Zuhura ba ta yi dariya ba. Ta gane. Ta ce, "Baba, rana ba ta shiga can. Kuma in batirin ya tsaya, ni ce a gida." Ta shige ɗaki. Na ji kukanta.

Talata, 12 ga Nuwamba

Wuƙa nake tsoro. Na rubuta, ga shi nan.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Ni ban ce wa kowa na yarda ba. Likita dai ya sa yau ranar aikin, ya ce kada a ci komai tun safe. Zuhura ta kawo koko da ƙosai, ta ajiye, ta tsaya tana kallona. Na ce ta kai wa Ayouba, ba na jin yunwa. Ta kuma miƙo mini takalmina.