Maganin Mantuwa Sai Wanda Bai Manta Ba

Daga: Babban ɗan majiyyaci,
malamin lissafi a makarantar sakandaren gwamnati.
11 ga Maris.

Zuwa ga: Shugaban Hukumar Gudanarwa,
Babban Asibitin Gwamnati.

Ranka ya daɗe,

Game da: Hana mahaifina maganin ciwon mantuwa, da dukan da aka yi masa a gaban tagar magani.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan takarda a madadin mahaifina, tsohon magini, wanda likitanku ya tabbatar yana da ciwon mantuwa. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce maganin ba ya warkarwa, sassauci kawai yake kawowa. Sassaucin nan a gidanmu shi ne, in yana sha yakan gane mahaifiyarmu. In maganin ya yanke, sai ya ɗauke ta ɓarauniyar da ta shigo masa ɗaki.

1. Tun watan Janairu aka kafa doka a tagar magani ta ƙasan bene: dole majiyyaci ya zo da ƙafarsa, a kira sunansa ya amsa, ya kuma faɗi shekarar haihuwarsa. An ce don a hana karkatar da magani ne. Ina taya hukumar murna, ta samar da tsarin da ba ya ba da maganin mantuwa sai ga mai tunawa. Mahaifina ya daina amsa sunan da ke kan katinsa. Abin da ya rage masa shi ne laƙabin da leburori suka sa masa a wurin gini, Guduma. Na roƙi ma'aikacin tagar ya kira shi da shi. Ya sanar da ni cewa nan asibiti ne, ba tasha ba.

2. Akwai wata tagar a saman bene, mai labule da kujerun soso. A can na ga direba ya miƙa katin mahaifiyar maigidansa, ya karɓi magani cikin leda, ba a tambaye shi ko nasa sunan ba. Da alama masu hali in sun manta, hukuma ke tuna musu.

3. Ranar 26 ga Fabrairu muna kan benci tun safe har rana ta take. Mai gadi ya ce layin na majiyyata ne kawai, ya fizgo mahaifiyarmu ta hannu. Mahaifina, wanda duk makon bai san ko wace ce ita ba, a nan ya gane matarsa. Ya miƙe ya shaƙe mai gadin. Ban musa wannan ba. Wasu masu gadi biyu suka iso da kulake. Suka rotsa masa kai, ya faɗi, suka ci gaba da shurinsa a baki da haƙarƙari. Ina ihu cewa mara lafiya ne, ɗayansu ya ce ai yanzu zai dawo hayyacinsa, ya ƙara mini nawa rabon a kunne. Kafin mu ɗaga tsohon, an goge jinin tas, an share haƙoransa biyu. Ban taɓa ganin an yi wani aiki da sauri haka a asibitin nan ba.

An ɗinke masa kai, aka buga jan hatimi a katinsa cewa mai tayar da hankali ne, kada a sake barinsa ya wuce ƙofa. Yanzu doka ta ce sai ya zo, doka kuma ta ce kada ya shigo. Na yi digiri a lissafi, amma wannan ya fi ƙarfina.

4. Ranar 5 ga Maris ya karya wa mahaifiyarmu hannu da ƙafar kujera, yana kiran maƙwabta su zo su kama ɓarauniya. Ta gaya musu santsin banɗaki ne ya kwashe ta. Mun yi mun yi ta koma gidan ƙanwata, ta ƙi. Ta ce daga hannunta kaɗai yake karɓar abinci, kuma ɗayan hannun lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon a soke hatimin, a yarda ɗa ko mata su karɓar wa irin wannan majiyyacin magani kamar yadda aka yarda wa direba, a kuma binciki masu gadin.

Ina roƙon amsa kafin ranar Litinin. Ƙanena ya sayo sarƙa da kwaɗo, suna kan firji. Da kyar na shawo kansa ya jira zuwa ranar. In ba mu sami magani ba, ni zan riƙe ƙafar mahaifinmu, shi ya ɗaure ta a jikin gado. Mahaifiyarmu ta ce za ta zauna tana ba shi abinci a baki lokacin da muke yi, don kada ya lura.

Allah ya ƙara wa shugaba lafiya, ya bar masa hankalinsa.

Naka cikin ladabi da biyayya,
(sa hannu)
Babban ɗan Guduma.