Matar da ke Bakin Ƙofar Shago

Zuwa ga ɗana Dogo,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Direba ya kawo mini tsohon hoton da na ba ka ka ƙara wa girma, kuma tun da na buɗe ambulan raina yake a ɓace. Ga ni nan tsaye a gaban shagon ɗinkina, tsaf, amma duk abin da ke bayana ka murɗe shi kamar an juya shayi da cokali. Ƙofa ta nannaɗe, keken ɗinki ya narke, bango sai juyi yake. Cewa na yi ka ƙara masa girma, ban ce ka dama shi ba. Wa ya aike ka? Ka ba direba na asalin ya dawo mini da shi, ka riƙe gwanintarka.

Ka gai da abokan aikinka na shagon hoto.
Innarka

Inna,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Wallahi na ɗauka yabo zan sha. Wannan murɗin shi ake yayi yanzu. A kwamfuta ake zaɓar bayan hoto, a ja shi dama, sai ya zagaye mutum, fuskarsa ta fito sosai. Me ke bayan naki da za a yi kuka a kai? Bango ne mai tsatsa, da wata mata a bakin ƙofa da ko kallon mai hoto ba ta yi. Ita ma na fi son ɓatarwa, don tana cin wuri.

Na asalin kuwa, Inna, danshi ya riga ya cinye shi, yana marmashewa a hannu. Da na kwafe shi cikin kwamfuta sai na zuba shi a shara, kuma a kan kwafin na yi aikin. Ki ƙara duba shi da tabarau, za ki so shi.

Ɗanki,
Dogo

Dogo,

Na amsa gaisuwarka don dole. Na sa tabarau, na cire, na sake sawa, kuma har yanzu haushinka nake ji. Shekara talatin hoton nan yana ƙasan akwatina, ɓera bai ci ba, ruwa bai gama da shi ba, sai a hannun mai ilimi ya kwana ɗaya ya tafi shara. Ka ɗauka fuskata nake son gani? Ina da madubi.

Matar da ka ce tana cin wuri ƙanwata ce, mahaifiyarka. Ba ta yarda a ɗauke ta hoto, wannan ma tsautsayi ne, ta leƙo daidai lokacin da mai hoto ya danna. Babu wani hotonta a duniya. Kana wata huɗu ta rasu, kuma duk tambayar da ka yi mini kana yaro a kan kamanninta, bakina ya kasa. Shi ya sa na ba ka hoton ban ce komai ba. Na ce tunda aikinka kallon fuskoki ne, za ka ga goshinka a goshinta ka zo ka tambaye ni. Laifina ne da na yi shiru, na sani. Amma kai da ka ga mutum a hoto, ba ka tambayi ko wace ce ba kafin ka murɗe ta?

Innarka

Inna,

Ina gaishe ki, kuma ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Na tona sharar shagonmu, an riga an kwashe. Sai na koma kwamfuta na murɗa hoton hagu daidai yadda na murɗa shi dama. Kwana uku ina yi. Ƙofa ta miƙe, keke ya dawo. Fuskarta tana kusa da tsakiyar murɗin, ta goge, ba ta dawo ba. Abin da ya fito sosai hannunta ne na dama, ta dafa gaban rigarta. Ga shi na ba direba. Me take riƙewa a wurin?

Ɗanki

Ɗana,

Hoto ya iso, na rataye shi. Ba komai take riƙewa ba. Cikinta ta dafa, wata bakwai. Kai ne.

Ka zo ranar hutunka, in faɗa maka fuskar da baki.

Innarka