Baƙin Fenti a Ƙofar Kaka Alkasum

Alhamis, 3 ga Oktoba 2024

An ɓamɓare tagullar ƙofar su Rakiya, maƙwabciyarmu. Sun wayi gari sai ramuka a jikin katako. Gida na uku ke nan a Zango cikin wata guda. An ce tagulla ta yi tsada, masu bin unguwa da buhu a kilo suke auna ta, daga nan sai wuta, a narke.

Da na taso daga maternite, asibitin haihuwa inda nake aiki, na tsaya na kalli tamu. Ƙusoshi masu kan tudu arba'in da ɗaya, faifai huɗu a kusurwoyi, sai ƙawanyar da ake kamawa a ja ƙofa. Kaka Alkasum, mahaifin Inna, shi ya zuba su da hannunsa. Gaskiya tsakanina da Allah, ban taɓa son ƙofar nan ba. Duk Alhamis bayan la'asar Inna za ta miƙo min tsamiya da toka, in yi ta dirza, in na gama in bi da man gyaɗa. 'Yan mata na gaɗa a dandali, ni ina nan ina wari kamar kunun tsamiya. Tun rasuwarta bara ban ƙara dirza ta ba.

Amma ta bar wasiyya kada a cire ƙofar. To ga shi nan.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Yaya Mahamud ya kira daga Yamai. Wai in zare ƙusoshin in zuba a akwati. Shi komai daga nesa mai sauƙi ne. An lanƙwasa ƙafafunsu ta ciki, in aka ja katakon ne zai dare. Na ce masa baƙin fenti zan shafe su da shi, duk wanda ya wuce ya ɗauka baƙin ƙarfe ne ya yi gaba. Ya ce dabara ce, in dai zan iya. Wannan "in dai" ɗin ce ta ba ni haushi.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na sayo gwangwanin fenti da finso, buroshin shafawa. Kafin in fara na ce ai ba a shafa fenti a kan dauɗa, na wanke su tas yadda Inna ta koya min: tsamiya, toka, sannan mai. Suka yi ta walƙiya, na bi su da baƙi ɗaya bayan ɗaya. Kafin azahar na gama. Na tura wa Yaya hoto ban rubuta komai a ƙasa ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Ya saluɓe. Na kama ƙawanya zan shiga gida, fentin ya biyo tafin hannuna kamar ɓawon albasa. Rakiya ta yi dariya har da riƙe ciki, ita da ba ta ma da sauran abin shafawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Jiya na sake, na labta shi da kauri. Yau ya yamutse, ya zamo ƙasa. A katako ya kama daram, a tagulla kuwa ko a jikinta.

Mai shagon kayan gini ya ce tagulla santsi gare ta, fenti ba ya samun abin riƙewa. In sa samfefa mai kaushi in kankare ta sai ƙyallin ya mutu, sannan in fara shafa antirui, jan fentin nan da ake sa wa ƙarfe kafin na gaske. Na sayo duka biyun. Ni da ƙofar nan za a ga wanda zai gaji.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na fara da ƙusar can ƙasa, kusurwar hagu, inda ido ba ya zuwa, don in gwada. Na durƙusa ina ta kankara, garin rawaya na zuba a zanena, sai na ji an ce, "Ke, dakata."

Baba Ari ne. Tsohon maƙerin farfaru, mai aikin tagulla, daga unguwar Birni, wanda ya koyi sana'a a hannun Kaka. Rabona da shi tun ta'aziyyar Inna. Idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, sanda ce ke masa jagora. Ashe Rakiya ce ta kai masa labari, shi ne ya hau kabu-kabu ya taho.

Bai ko amsa gaisuwata da kyau ba. Ya lalubi ƙofar, ya shafa ƙusa ɗaya, ya kai yatsa hanci ya shinshina. Sai ya fara dariya, irin tasa mara sauti, kafaɗu kawai ke motsi. Ya tambaye ni me na shafa kafin fentin. Na faɗa masa.

"Lubabatu, jikar maigidana," in ji shi, "ina kika taɓa ganin fenti ya zauna a kan mai? Naki na Asabar ɗin da ta wuce ma kaɗan ne. Na uwarki ne a ciki, na shekara sittin."

Kunya ta kama ni. Ni da nake wanke hannu sau ashirin a wuni, na san mai ba ya barin komai ya manne, amma hannuna ya yi abin da ya saba ban ko yi tunani ba.

Ya durƙusa da ƙyar ya shafa ƙusar da na kankare. Ya daɗe a kanta. Sannan ya karɓi samfefar ya sa a aljihu, ya ce gobe in dafa ruwa da kanwa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ban san ta ina zan fara rubuta na yau ba.

Ruwan zafi da kanwa da omo, da tsohon buroshin haƙori. Baba Ari na zaune a kujera a bakin zaure yana ba da umarni. Da fari sauran fentin ya fita. Daga baya wani baƙin abu mai danƙo ya fara narkewa yana gangarowa, tsohon mai ne da toka da suka daskare. Ina gogawa sai na ji buroshin na sarƙewa a wasu ramuka. Na watsa ruwa na duba.

Zane ne. Ikon Allah. Ƙusoshin da na girma ina ɗauka sumul suke, ashe kowace da zanenta, siriri kamar an ja da allura. Wannan tauraro, wannan igiya a tufke, wannan kamar zangarniyar gero. Na wanke goma, babu biyu iri ɗaya. Tokar da muke dirzawa da man da muke bi da shi su suka cike layukan a hankali har suka shafe. Wato ni ma da hannuna a ciki, shekara da shekaru.

Na tambayi Baba Ari me ya sa ba su yi kama ba. Ya ce ai ba za su yi ba. Da kakin zuma ake fara gina kowace, a zana ta tun tana da laushi, a lulluɓe da yumɓu da kashin jaki, a shanya. A sa a wuta kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. A zuba narkakkiyar tagulla a gurbin. In ta huce sai a fasa yumɓun. Gidan yumɓu ɗaya, ƙusa ɗaya, an fasa shi ke nan. Ya ce ana cikin aikin tagulla ta ƙare, Kaka Aisa, mahaifiyar Inna, ta tuɓe mundayen hannunta ta ajiye a gaban mijinta, ta koma ɗaki. Layin sama gaba ɗaya mundayenta ne.

Na ɗaga kai na kalli layin saman. Ban taɓa ganin matar nan ba, ko hotonta babu.

Sai ya ce in wanke gindin ƙawanya da kyau, ta dama, in duba. Na wanke. Wani ɗan lotsi ne, da layuka a murɗe. Na kusa minti ɗaya ban gane ba. Shatin babban yatsa ne. Inda Kaka ya danne kakin ranar da yake gina ta, tagulla ta ɗauke shi har layukan fata, har wani ɗan tabo da ya ratsa tsakiya. Baba Ari ya ce wuƙar yankan kaki ce ta yanke shi a nan, yana wurin.

Shekara ashirin da biyu ina karɓar haihuwa, na ɗauka babu sauran abin da zai ba ni mamaki. Na ɗora yatsana a kai. Nasa ya fi nawa faɗi. Mutumin da ya rasu ban zo duniya ba, ga hannunsa a ƙofar da nake turawa kullum, kuma da an bar ni jiya da samfefa da na share shi kafin la'asar. Na zauna a dandamali, tsoro da mamaki suka haɗu min.

Litinin, 14 ga Oktoba

A wurin aiki hankalina na gida. Duk wanda ya wuce da buhu sai in bi shi da ido.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na gama wanke su duka. Da hantsi in rana ta faɗo kansu, mutane tsayawa suke yi. Wani mai kabu-kabu har ya kashe mashin ya kalla. Daɗi ya kama ni, daga baya na tuna ba kowane mai kallo ne mai sha'awa ba.

Na ce wa Baba Ari na fasa fentin, ba zan iya rufe wannan da baƙi ba. Na zaci zai ji daɗi. Sai ya ɓata rai.

"Rufe ta," ya ce. "Fenti ana wanke shi duk ranar da aka ga dama. Wadda aka narkar ba ta dawowa. Wadda samfefa ta ci ma haka."

A nan na tambaye shi wane zane ne a kan ta ƙasan da na kankare. Ya ce ƙafar kaza ce, karkatacciya. Cikin arba'in da ɗayan ita kaɗai Kaka ya bari ya gina da hannunsa, yana ɗan koyo, shi ya sa aka sa ta can ƙasa inda ba a gani. Ya yi dariyarsa ya ce ai na iya zaɓe, ita ce mafi muni.

Ban yi dariya ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Da ya tafi na shiga ɗaki na yi kuka sosai.

Asabar, 19 ga Oktoba

An sake taɓa wani gida bayan masallaci. Shi ke nan, babu sauran shawara.

Yadda Baba Ari ya ce haka na yi. Na goge kowace da esans, wato fetur, a tsumma don sauran maiƙo. Na shafa lemun tsami na bar shi ya ɗan ci fuskar, na ɗauraye, ta bushe. Lallausan yashi a tsumma, a hankali, a wuraren da babu zane kawai. Daga nan ya hana ni taɓa su da hannu tsirara, wai gumin yatsa ma mai ne. Na ɗauko safar hannu ta aiki na sa. Antirui siriri, da sassafe kafin ƙarfen ya ɗau zafi, kada ya cike layukan.

Da na zo kan shatin yatsan na tsaya. Na yi bisimilla na shafa.

Talata, 22 ga Oktoba

Baƙi, shafi na farko. Siriri. Haƙuri dai, Luba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Shafi na biyu ya bushe. Na sa farce na karta da ƙarfi, ko gezau. Ya kama.

Ƙofar ta yi muni, kamar ta gareji. Yaya ya ga hoto ya ce aiki ya yi kyau. Baba Ari ya bi su da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya ce duk zanen na nan, yana jin su, ido ne kawai aka hana. A kan ta ƙasan hagu bai tsaya ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Rakiya ta ce ta ga wani mai buhu ya tsaya a ƙofarmu, ya kalla sama da ƙasa, ya wuce. Alhamdu lillahi. Abin da nake so ke nan, ai.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Ko'ina fentin na nan daram, ban da cikin ƙawanya ta baya, inda yatsu ke kamawa. Ya ɗan goge, rawaya ta leƙo, faɗin ƙwayar wake. Daga hanya ba a gani, sai wanda ya ɗaga ta. Akwai saura a gwangwani, ranar Asabar in rufe.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ban samu sukuni ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Na taso da wuri. Bayan la'asar na fita da tsumma, ƙura kawai zan share. Akwai 'yar tsamiyar da ta rage daga kunun safe, don kada a zubar na taho da ita. Na ɗaga ƙawanya na ɗan goga wurin nan ta baya. Ya fito fes. Babban yatsana na kan na Kaka ina riƙe da ita, ta cikin fentin ma ana jin tabon.

Rakiya ta leƙo ta ce me nake yi yau Alhamis a bakin ƙofa. Na ce ba komai.

Na ɗiga man gyaɗa kaɗan a wurin. Na san abin da mai ke yi wa fenti, ba sai an sake faɗa min ba.

Sauran gwangwanin na ba Rakiya, tagar kicin ɗinta ta yi tsatsa.