Ranar da Kika Ba Inna Kujera

Ya sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, inuwata bayan doguwar tafiya,

Kwana tara ke nan muna aiki kafaɗa da kafaɗa ba ki ce mini ci kanka ba, kuma wallahi da gaskiyarki.

Shekara shida ina kantin maganin nan, mutum biyu a riga ɗaya. A wurin aiki ina kallon mutane ido cikin ido, ina zuba yaren garin kamar nan aka binne cibiyata. A gida kaina a ƙasa, muryata a tausashe. In Inna ta kira waya, ɗakin ajiyar kwalaye nake shigewa in amsa da raɗa. Kullum a gajiye nake komawa gida, kuma ba aikin ne ke gajiyar da ni ba.

Sai ranar da Inna ta hau bas biyu ta kawo mini tabarauna da na manta. Kaicona! Ga manaja, ga layi. Na dubi uwar da ta haife ni tsakar ido, na yi mata godiya da yaren garin kamar mai sayen maganin tari. Ta sunkuyar da kai. Ita, a gabana!

Sai ga ki kin fito daga bayan kantar sayar da magani da farar rigarki. Kika russuna kika gaishe ta da harshenmu, da muryarki duka, kika jawo mata kujera. Kika gaya wa manaja ko wace ce, kika koma kan mai jiran maganin hawan jini, ko fuska ba ki canza ba. Ikon Allah! Rufin kanti bai faɗo ba. Manaja ma ruwa ya kawo mata. Yaya kike yi, farin watana? Yaya kogi biyu suka haɗu a ƙirjinki ba ambaliya, ni kuwa suna neman cinye ni?

Na je na durƙusa wa Inna. Ta ce ta yafe tun a bas, amma yarinyar nan 'yar gidan wa ce? Ni kuwa ban san ko ina da sauran bakin kiranki tawa ba.

Ki koya mini, don Allah. Ki yi mini tsiya son ranki, ki kira ni matsoraci, na yarda. Shirunki ne ba zan iya ba. In kin amince, Inna na jiranki ranar Asabar. Na riga na gaya wa manaja dalilin da ya sa ba zan zo aiki ranar ba, a gaban kowa.

Naki ke kaɗai, a gida da waje, har ƙasa ta rufe mini ido,
Abokin aikinki