Bulus, Ka Ɗaga Wayarmu

Zuwa ga abokina kuma ɗan'uwana Paulusi,

Gaisuwa mai tarin yawa daga nan unguwar Abu Hail a Dubai, da fatan wannan saƙo zai same ka da sauƙin zuciya, kai da Kaka da duk mutanen gida. Na san Hausarka ba ta wuce "sannu" da "ina gajiya" ba, amma da ita nake iya faɗin abin da ke raina. In mun yi magana zan fassara maka. Kai da bakinka ka ce in ba da labarinka ga duk wanda zai amfana, shi ya sa na rubuta a fili.

Ƙanwarka ta aiko mana da saƙo cewa ɗaya daga cikin samarin da kake fita da su kamun kifi ya kashe kansa, kuma tun da aka binne shi ka kulle ɗaki, ba ka amsa kiran kowa.

Ka tuna zuwanka Dubai a 2018? Daga can ƙuryar arewacin Kanada ka zo koyon gyaran injin jirgin sama a wurin aikinmu, aka haɗa ka gida ɗaya da ni da Yakubu mutumin Kafanchan. Yakubu na jin sunanka ya ce, "Ai Bulus ne, shi ke nan!" Sunan ya bi ka. Zafi ya hana ka sakat, kullum kana gindin na'urar sanyaya ɗaki. Na kira ka Bature, ka gyara mini, ka ce kai Inuit ne, kakanninka maharba ne a kan ƙanƙara. Ranar da ka ɗanɗana kilishi ka ce ya yi kama da busasshen naman Kaka, kana ci yaji na sa ka hawaye.

Muna bakin aiki da hantsi aka kira ka cewa ƙanenka ya kashe kansa. Ba ka samu jana'iza ba, garinku ya yi nisa. Bayan kwanaki muka ja ka zuwa Al Ras, muka hau kwale-kwalen da ke ƙetare ruwa. A nan ka ce, "A garinmu da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani saurayi da ya tafi ta wannan hanyar a bango ba." Ka ba mu labarin mahaifinka da aka ɗauke yana yaro zuwa makarantar kwana, aka riƙa dukansa in ya yi yarensu, ya dawo mutum mai shiru. Ka ce samari na zaune a cunkushen gidaje, ba aiki, ba farauta, kuma an koya musu namiji ba ya kuka. Abin da na iya ce maka kawai shi ne ka yi haƙuri.

Sai ka fara rabon kaya. Akwatin kayan aikinka ka ba ni, safar hannu ta fata da Kaka ta ɗinka maka ka ba Yakubu, kana ta fara'a. Ni murna na yi, na ɗauka ka warware. Yakubu bai yi murna ba. Yayansa haka ya yi kafin ya kashe kansa, dangi suka ce wa mutane zazzaɓi ne.

Ranar Juma'a muna karin kumallo ya dube ka ya ce, "Bulus, kana tunanin kashe kanka ne?" Ni a tunanina irin wannan tambaya tana jefa wa mutum shawara. Ka ajiye kofin shayi, ka ce eh, ka fashe da kuka. Daga baya ka ce, "Tun da nake ba wanda ya taɓa tambayata."

Daga ranar ba mu bar ka kai kaɗai ba. Muka yi musayar lokutan aiki, muka raka ka wurin likita, muka sa ka kira Kaka ta bidiyo. Ta daɗe tana maka magana da yarenku. Ba mu ji ko kalma ɗaya ba, amma mun ga kafaɗunka sun sauka. Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, sai da aka yi watanni. Da ka koma gida a ƙarshen 2019, ka fara tara samari kana fita da su kan ƙanƙara, kana koya musu abin da aka hana mahaifinka koya, kana sauraronsu.

Yanzu ga shi ɗaya ya kuɓuce maka. Ɗan'uwana, ba kai ka kashe shi ba. Ka riƙe shi iya ƙarfinka, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba don sauran samarin nake roƙonka ba, don kai ne. Ka buɗe wa ƙanwarka ƙofa. Ka ci abinci. Ka je wurin ma'aikaciyar jinyar garinku yau, ka faɗa mata gaskiyar abin da ke zuciyarka. In magana ta yi nauyi, ka ɗaga wayar ka yi shiru, mu ma mu yi shiru tare da kai.

Allah Ya ba iyayen yaron nan haƙuri. Allah Ya sanyaya zuciyarka, Ya tsare samarin garinku da na garuruwanmu, Ya ba mu tsawon rai har mu sake zama a tabarma ɗaya. Yakubu na gefena yana cewa amin.

Naka har kullum,
Aminu
Abu Hail, 2021