Amanar da Babana ya damƙa a tasha

Anti Rahmatu, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, ko abinci ba ya shiga.

Ni 'yar Daura ce, 'yar gudu, na sha wakiltar jiharmu a gasar ƙasa. Da aka ƙaddamar da Shari'a dangi suka taso wa Babana ya hana ni, wai 'ya mace ba ta gudu a gaban maza. Shi ya tsaya mini. Sharaɗinsa dogon wando da hijabi, sannan in zauna a hannun kocinmu, bari in kira shi Malam Mainasara, wanda sahu ɗaya suke sallah da Baba. Duk tafiyar da za mu yi, Baba da kansa yake raka ni tasha, ya kama hannun mutumin nan ya ce masa ga amana.

Anti, amanar nan an ci ta. A sansanin horo na bara cinyata ta riƙe, kocin ya kira ni ɗakinsa wai zai yi mini tausa, ya rufe ƙofa. Na yi ta haɗa shi da girman Allah, bai bar ni ba sai da ya yi mini fyaɗe. Ya ce in na buɗe baki, da bakina na amsa laifin zina, kuma tunda ba ni da shaidu huɗu, bulalar ƙazafi zan sha. Wai gaskiya ne? Wata abokiyar guduna ta ga fitowata ina kuka, ta ce in yi shiru, ba ni ce ta farko ba.

Na yi shirun. To yanzu ƙanwata Haulatu ta fi ni sauri, Malam Mainasara ya zo har zaure ya nemi a ba shi ita sansanin wata mai zuwa, Baba ya amince yana murna. Ita kuwa har ta wanke takalman da na ba ta. In na faɗa, na kunyata Baba a gaban dangin da ya ɓata da su saboda ni, gudu ya ƙare mana mu biyu. In na yi shiru fa? Wayyo Allah, yaya zan yi?

'Yar gudu, Daura

'Yata, sannu, Allah ya isar miki. Ki fara riƙe wannan: ba ki yi laifi ba. Wadda aka fi ƙarfinta ba mazinaciya ba ce, duk malamin kirki zai gaya miki. Mutumin nan tsorata ki ya yi da addinin da shi ya keta.

Tsoronki ba na banza ba ne. Bakin mutane akwai shi, shigar da ƙara kuma yana da ƙa'ida. Kada ki je kotu ke kaɗai. Ki fara ganin lauya mace da ta san Shari'a, ki gaya mata abin da abokiyarki ta ce. Ki je asibiti a duba ki, ko da an daɗe. Ƙara kuwa, ke za ki yanke in kin shirya.

Maganar Haulatu ce ba ta jira. A makon nan ki sami Mamarki ko gwaggon da Baba yake jin maganarta, ku shiga wurinsa tare. Zai ji zafi, ƙila ya yi faɗa. Amma uban da ya tsaya miki a gaban dangi kaf, ban yi zaton zai zaɓi koci a kanki ba. Gudu kuma ba Mainasara ne ya sa shi a ƙafarki ba, akwai wasu masu horarwa, har mata.

Kina gudun kunyata Baba. 'Yata, shi ya ba da amanar, haƙƙinsa ne ya san yadda aka yi da ita, tun kafin ya sake kama hannun mutumin nan a tasha, Haulatu na tsaye a gefensa.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya tsare ki ke da ƙanwarki.

Anti Rahmatu