Lambar Takalmin Najwa

Kano, 12 ga Janairu

Ƙanwata Hannatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yata Najwa. Ya sanyi, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Abdul-Hafiz, ya kai haske kabarinsa.

Tunda kin daina ɗaga waya, na sa an buɗe mini imel, ga ni ina dannawa da yatsa ɗaya. In ba za ki yi magana ba, ki rubuta. Sau bakwai na kira ki ranar da kika fita takaba. Hajiya na zaune kusa da ni tana jiran ta ji muryarki, ƙarshe na ce mata layin ne ba kyau. Kin sa na yi wa mahaifiyarmu ƙarya da girmana.

Ga saƙonta. Ta ce ki tattaro ki dawo gida, ko na wata uku ne. An gyara ɗakin da ke kusa da nata. Mace da 'ya budurwa su kaɗai a London, ba dangi, rana na faɗuwa tun la'asar, wannan ba zama ba ne.

Ki faɗa mini gaskiya, kina cin abinci? Najwa fa, ya take?

Kowa na gaishe ku.

Yayarki,
Zubaida


London, 17 ga Janairu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. A gaishe da Hajiya, a ba ta haƙuri. Ina ganin kiranki. In na ɗauki wayar sai in rasa abin faɗa, har ta katse.

Na koma aiki a kemis ɗinmu na Marylebone ranar Litinin. Ina shiga tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ina miƙa wa mutane maganinsu, ina dawowa. Ina cin abinci in lokacinsa ya yi. Najwa tana zuwa makaranta, in ta dawo tana ɗakinta.

Wani saƙo ya shigo imel ɗin Abban Najwa. Ashe tun watan Agusta, mako biyu kafin ya faɗi, ya yi booking na hawan dutse a Lake District, can arewacin Ingila. Na mutum biyu ne, ranar 15 ga Fabrairu, tare da wata ƙungiya mai jagora. Bai gaya mini ba. Na san da ni ya yi, domin lokacin da ya fara gudun safen nan ya saya mini takalmi irin nasa, na gudu a daji. Yana cikin kwalinsa har yanzu. Ban yi cancel ba. Zan je.

Sun turo jerin kayan da za a zo da su. A ciki akwai ƙarfen da ake saka wa takalmi don kada ƙanƙara ta kwashe mutum. Kwana uku ina karatu a kansa. Iri uku ne. Akwai na murɗaɗɗiyar waya, wannan na bakin titi ne, a kan dutse lanƙwashewa yake yi. Akwai mai dogayen haƙora na masu hawan manyan duwatsu, amma sai da takalmi mai tauri, a kan takalmin gudu zamewa yake yi ya fita. Na ukun sarƙa ce mai gajerun haƙora, da roba da ke kama bakin takalmin. Wani haƙora goma, wani sha biyu. In robar ta yi sako-sako za ta juya, in ta matse za ta danne yatsu su yi sanyi. Ban yanke shawara ba tukuna.

Maganar dawowa ban yi tunaninta ba.

Na gode, Yaya. Ki huta lafiya.

Hannatu


Kano, 20 ga Janairu

Hannatu,

Assalamu alaikum, ina gajiya. Na karanta wasiƙarki sau uku, na ajiye, na yi alwala, na sake karantawa.

Na tambaye ki 'yarki, kin ba ni layi ɗaya. Ƙarfen takalmi ya cinye rabin takarda. Ke da ko matakalar benen Hajiya sai kin huta a tsakiya, yau ke ce mai hawan dutse cikin ƙanƙara? In ƙafarki ta karye a can, wa zai kula da yarinyar nan? Ta rasa uba wata huɗu da suka wuce, Hannatu. Ba ke kaɗai aka yi wa mutuwar ba.

Na kira Najwa jiya. Ta ɗauka. Na yi ta surutu, ita kuwa ba abin da take cewa sai kalmar Turancin nan tasu ta lafiya lau. Da na ambaci babanta sai na ji numfashinta ya canja, ta kashe wayar. Wannan ba shirun maraici kaɗai ba ne. Na haifa, na sani. Akwai abin da yarinyar nan ta riƙe.

Ban gaya wa Hajiya zancen dutse ba, hawan jininta ba zai ɗauka ba. Don Allah ki bar karatun ƙarafan nan, ki ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta.

Ki yi haƙuri in na yi zafi. Allah ya sassauta muku.

Yayarki,
Zubaida


London, 29 ga Janairu

Yaya,

Salamu alaikum. Na ga saƙonki. Ban ji haushi ba.

Ranar Asabar na je wani shagon kayan tafiya kusa da Charing Cross da takalmin a jaka. Mai shagon ta ce a sanyi takalmi mai tauri ya fi. Na ce wannan zan saka. Ta kalle ni, ba ta ja ba. Ta ba ni na sarƙa mai haƙora sha biyu, wanda ke da maɗauri ta saman ƙafa, ta ce shi ya fi zama a kan takalmi mai laushi. Ta sa na gwada da safa mai kauri, na taka a kan wani katako. Ya zauna. Na saya.

Ranar Litinin na kira ƙungiyar don su cire gurbi ɗaya. Matar da ta ɗauki wayar ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce, "Wanne za a cire, na Abdul-Hafiz ko na Najwa?"

Na ce ta sake faɗa. Ta sake faɗa. Babu sunana a ciki, Yaya. Takalmin nan kyauta ce kawai.

Da Najwa ta dawo daga makaranta ina kicin ina dafa taliya. Na ce, "Kin san zancen Lake District?" Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa. Da Turanci ta amsa, kamar kullum, ni nake mayar miki da shi Hausa.

Ta ce ita ta roƙe shi. Ya ce mata shi ko bas ba ya iya bi da gudu, ina shi ina dutse. Ta yi ta tsokanarsa da zancen tumbi har ya yarda. Ita ta tsara masa gudun safen, rana kaza minti kaza, ta manna masa a cikin wayarsa. Sun shirya sai ranar tafiya za su gaya mini. Ta ce, "Ranar da ya faɗi, ranar hawan tudu ce. Ni na rubuta masa sau biyar. Ya ce uku sun isa, na ce a'a, biyar. Mama, ni na kashe shi."

Na san abin da uwa ke yi a irin wannan wuri. Na ga kaina dai a tsaye, riƙe da ludayi. Na ce mata ajali ne. Na ce likita ya gaya mini jijiyar zuciyarsa ta daɗe a toshe, ko a kan kujera yake zai iya faɗuwa. Gaskiya ce, amma muryata ta fito kamar ina gaya wa mai saye yadda zai sha magani. Ta yi ta kuka a tsaye. Na kashe wuta, na riƙe ta. Ni ko hawaye bai zo mini ba.

Da ta lafa na ce, "Za ki je?" Ta ce, "Da wa?" Na ce da ni.

Jiya na koma shagon don in saya mata nata. Matar ta tambaye ni lambar takalminta, na ce biyar. Ta ce in tabbatar, domin in roba ba ta dace ba gara babu. Na tura wa Najwa saƙo. Ta ce bakwai. Ta fi ni ƙafa da lamba ɗaya, tun bara, in ji ta. Babanta ne ke kai ta sayen takalmi. Na daɗe tsaye a gaban kantar har matar ta kawo mini kujera.

An mayar da gurbinsa da sunana.

A gaishe da Hajiya da yara.

Hannatu


Kano, 1 ga Fabrairu

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wata huɗu yarinyar nan tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Na yi kuka har maigidan ya shigo yana tambayar wa ya rasu.

Na janye maganata, ku je. Amma abin da kika gaya mata a kicin, faɗa ɗaya ba zai shige ta ba. Ki maimaita mata gobe, ki maimaita jibi, ko da wace irin murya ce. Kada ki damu da cewa ba ki jin komai. Lokacin da Baba ya rasu sai da na shekara kafin hawaye ya zo mini, a kasuwa, gaban mai tumatir.

Na ce wa Hajiya Najwa na da jarrabawa. Wannan dai ba ƙarya ba ce. Ku bi jagoran nan sau da ƙafa, in ya ce a juya ku juya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Yayarki mai ƙaunarki,
Zubaida


London, 17 ga Fabrairu

Yaya,

Salamu alaikum. Mun dawo lafiya.

Ba mu kai ƙololuwa ba. Iska ta taso, jagoran ya juya da mu. Sarƙar ta riƙe, ba wadda ta faɗi. Ana jin haƙoran suna shiga ƙanƙarar, ƙaras, ƙaras. Wajen saukowa sarƙar Najwa ta goce sau ɗaya, na durƙusa na gyara mata, ta dafa kaina don kada ta faɗi. Yatsuna sun yi sanyi sosai.

A jirgin ƙasa, wajen dawowa, tana zaune a kujerar da ke kallona. Ta tambaye ni ko babanta yana da rai lokacin da na isa asibiti. Na ce a'a.

Ta ce, "Ashe ke ma ba ku yi sallama ba."

Na ce ba mu yi ba.

Ta tashi ta dawo gefena ta zauna. A haka muka zo har London.

A gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Hannatu